Na ƙaga labarin soyayya da sunan jaruman Telugu, in ci gaba ko in tsaya?

Maman_Iklas:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara na zo nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ɗaci. Wata biyu ke nan ina rubuta wani labari ina saki a guruf ɗinmu na WhatsApp, duk bayan kwana biyu feji ɗaya, yanzu ina feji na 23. Labarin a kan Anushka Shetty ne da Prabhas, jaruman finafinan Telugu na kudancin Indiya. Na faro shi daga ranar da aka gama ɗaukar fim ɗinsu Baahubali na biyu, na nuna sun daɗe da son juna amma kowa ya kasa furtawa, sai ga mahaifiyarsa ta kawo masa 'yar dangi ta ce ita zai aura. Wallahi babu batsa a ciki, ko hannu ban sa sun riƙe ba. Shekaranjiya babbar yayarmu ta zo gidana, ta ɗauki wayata ta karanta feji uku, sai ta ajiye ta ce min, "Mutanen nan fa suna raye. Kin cusa musu maganar da ba su yi ba, uwar mutum kuma kin mayar da ita muguwa alhali ko ganinta ba ki taɓa yi ba." Tun lokacin hannuna ya ƙi taifin. A saman kowane feji ina rubuta cewa labarin ƙagagge ne. Wannan bai wadatar ba?

Zee_Gwammaja:
Haba Anti, ci gaba abinki. Ina cikin masu karantawa, kullum feji nake jira. Su suna Haidarabad, ke kina nan, da Hausa kike rubutu. Ta ina zai kai kunnensu har ya ɓata musu rai? Kuma ruwa ba ya tsami banza, ki kalli yadda suke kallon juna a fim.

Abban_Sadik:
Zee, ai wannan kallon shi ne sana'arsu, don shi ake biyansu. Finafinai huɗu suka yi tare: Billa a 2009, Mirchi a 2013, sai Baahubali kashi biyu, 2015 da 2017. Tun daga nan 'yan jarida suke ɗaura musu aure, su kuma kowannensu ya sha faɗa cewa abota ce tsakaninsu. Masoyansu na can har suna suka haɗa musu, Pranushka. Kar kuma a manta, a Baahubali ɗin ta fito a matarsa, ta kuma fito a uwarsa, tunda shi ya hau matsayin uba da ɗa. Wanda ya yarda da kallon soyayyar sai ya yarda da kallon uwa da ɗa ma.

Zee_Gwammaja:
To ai ko a nan, wa ke fitowa ya ce e kafin a sa rana? Mahesh Babu da Namrata a wajen fim suka haɗu kuma suka yi aure a 2005. Nagarjuna da Amala haka. Varun Tej da Lavanya Tripathi shekaru suka yi suna ɓoyewa, sai gani aka yi an ɗaura a Italiya a 2023.

Abban_Sadik:
Duk gaskiya ne. Amma su suka fito suka faɗa da bakinsu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Hajiya_Turai:
Maman Iklas, yayarki ta gaya miki abin da ƙawa ba za ta gaya miki ba, ki riƙe ta. Ni zan ba ki nawa labarin. Lokacin ina budurwa ina koyarwa a wata makaranta, 'yan ajina mata suka ɗauki littafin rubutu mai fallaye arba'in suna rubuta labari, ni da wani malamin lissafi. Wasa suke. Sun ce muna haɗuwa a bayan ɗakin karatu, ya ba ni zobe, abubuwa dai na yarinta. Littafin ya zaga aji uku, ya shiga jakar wata yarinya, uwarta ta gani, ita kuma maƙwabciyar dangin wanda zan aura ce. Sai da aka ɗaga bikina wata huɗu ana bincike. Yaran sun zo har gida suna kuka, na yafe musu, don na san ba mugunta ba ce, ƙauna ce ta sa su. Amma har yau in na tuna yadda Babanmu ya kira ni ɗakinsa ya ajiye littafin nan a gabana bai ce komai ba, sai na ji zuciyata ta tsinke. Su ma a bangon littafin sun rubuta "labari ne kawai".

Maman_Iklas:
Innalillahi. Hajiya, Allah ya saka miki. Jikina ya yi sanyi.

Dan_Zinder:
Hajiya sannu, abin da ya same ki ba daɗi. Amma a ganina akwai bambanci. Ke malama ce a unguwa, kowa ya san gidanku. Waɗannan kuwa sun zaɓi su zama na jama'a, da sunansu suke cin abinci. Rabin tallan finafinansu ma da irin wannan raɗe-raɗin ake yi, in fim zai fito sai ka ji an fara cewa jarumi da jaruma suna soyayya. Rashmika da Vijay Deverakonda, bayan fim ɗinsu Geetha Govindam a 2018 ba abin da ake zance sai su, kuma hakan bai rage wa fim ɗinsu na gaba, Dear Comrade, 'yan kallo ba. Wanda ya shiga kasuwa ba ya hana a taya.

Ummu_Nawwara:
Dan Zinder, abin da suka kai kasuwa shi ne wasansu, ba ɗakin kwanansu ba. Ka ambaci Rashmika, to ka tuna abin da ya same ta a watan Nuwamba 2023. Aka ɗauki bidiyon wata mata daban aka liƙa fuskarta da kwamfuta, ya zaga duniya. Da 'yan sandan Delhi suka kamo wanda ya yi a watan Janairu 2024, ashe saurayi ne daga jihar Andhra Pradesh mai gudanar da shafin masoyanta, ya yi ne don mabiyansa su ƙaru. Masoyinta fa, ba maƙiyi ba. Ban ce Maman Iklas ta yi irin wannan ba, Allah ya kiyaye, tsakaninsu akwai nisa. Amma tushen ɗaya ne: mutum ya ji tunda yana son ta, yana da iko da sunanta da fuskarta.

Dan_Zinder:
A'a, wannan haɗin ya yi tsauri. Bidiyon an yi shi ne don a yarda gaskiya ne. Ita kuwa ta rubuta ƙarara cewa ƙagagge ne.

Ummu_Nawwara:
Ta rubuta a guruf ɗinta. In aka kwafe feji aka tura wani guruf, layin farko shi ake fara yankewa. Ni da idona na ga wani feji na irin waɗannan labaran ya dawo Facebook a matsayin "labari da ɗumi-ɗuminsa", an sa hoto, mutane suna ta Allah ya sanya alheri. Ko jaruma Sai Pallavi abin da aka yi mata ke nan a 2023. Wajen addu'ar buɗe aikin wani fim aka rataya musu furanni a wuya, ita da darakta da sauran ma'aikata, kamar yadda suke yi. Wani ya yanke hoton ya bar su biyu, aka ce an ɗaura aure. Sai da ta fito da kanta ta ƙaryata, ranta a ɓace.

Kb_Film_Sabon_Gari:
Ni sana'ata tura finafinai a waya, shekara tara. Bari in gaya muku abin da nake gani a shago. Da yawan masu zuwa ba su san akwai wani abu Telugu ba, duk Indiya ce. Tunda aka fara fassara irin ta Algaita, finafinan kudu suka fi tafiya saboda faɗa, kuma mutane sun fi sanin jarumi da sunan da mai fassara ya ba shi a fim. Yarinya za ta zo ta ce a tura mata fim ɗin "matar wane", ta ɗauka da gaske matarsa ce don ta gan su tare sau biyu. In irin waɗannan suka karanta labarin Anti, rantsuwa za su yi haka aka yi.

Sadiya_Kumasi:
Don Allah a yi min bayani, Telugu ɗin gari ne ko yare? Ni na ɗauka duk daga Mumbai ake yi.

Abban_Sadik:
Yare ne, 'yar uwa. Masu jin sa sun haura miliyan 80, a jihohi biyu, Andhra Pradesh da Telangana, waɗanda da jiha ɗaya ce sai a 2014 aka raba. Cibiyar finafinansu Haidarabad. Na Mumbai da Hindi ake yi, na Chennai da Tamil. Abin mamakin shi ne yawancin manyan jarumai mata na Telugu ba 'yan yaren ba ne. Anushka da Rashmika daga Karnataka suke, Kajal da Tamannaah daga Mumbai, Samantha daga Chennai. Da yawansu ma a farkon shigowarsu ba muryarsu ake ji ba. Samantha shekaru ta yi wata mawaƙiya mai suna Chinmayi ce ke ɗora mata murya. Jaruma Sai Pallavi na cikin waɗanda suka dage suka yi da bakinsu tun fim ɗinsu na farko a yaren.

Sadiya_Kumasi:
Ikon Allah. Ke nan muryar da muke ji a fassara ta uku ce.

Malam_Habu_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum. An tura min wannan zaren an ce in sa baki. Zan faɗi abin da na sani, Allah ne mafi sani. Ƙaga labari don nishaɗi ko darasi, malamai da dama sun sauƙaƙa a kai muddin mai ji ya san ƙage ne, shi ya sa ba wanda ya ce tatsuniyar Gizo ƙarya ce da za a yi hisabi a kanta. Matsalar tana farawa ne in aka jingina wa wani sananne, rayayye, abin da bai yi ba. Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana mu yawan zato da bin diddigin sirrin mutane. In kuma labarin ya kai ga jingina alfasha, wannan babi ne mai nauyi, a duba Suratun Nur aya ta 4.

Zee_Gwammaja:
Malam, amma ai ba Musulmi ba ne. Ƙazafin ya shafe su?

Malam_Habu_Tudun_Wada:
Haddin bulala tamanin yana da sharuɗɗa, a cikinsu akwai Musuluncin wanda aka yi wa. Amma rashin haddi ba ya mayar da abu halal. Ƙarya ƙarya ce ko a kan wa. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta umarce mu da adalci har ga mutanen da muke ƙi, balle waɗanda ba su yi mana komai ba sai nishaɗantar da mu. 'Yar uwa mai tambaya ta ce ba batsa a nata, alhamdulillahi, wannan ya rage nauyi sosai. Abin da ya tsaya min shi ne maganar mahaifiyar.

Maman_Iklas:
Malam, ni ma nan ne ya fi damuna. Na sa ta tana cewa "muddin ina numfashi 'yar fim ba za ta shigo gidana ba". Kuma da na zauna na yi tunani, wannan maganar ba daga Indiya na ɗauko ta ba. Gwaggona ce ta faɗe ta a kan wata yarinya da ƙanena ya so aura.

Fadeela_Marubuciya:
Maman Iklas, kin ga amsarki da bakinki. Ni ma da haka na fara, shekara shida da suka wuce, da labarin Samantha da Naga Chaitanya. Na rubuta su tun haɗuwarsu a fim ɗinta na farko a 2010 har bikinsu a Goa a 2017, na ƙara musu 'yan biyu, na kai su tsufa. Masu karatu suka so shi sosai. Sai ga Oktoba 2021 suka sanar sun rabu. Abin da ya biyo baya shi ya sa na goge labarin. Aka yi mata caa, har ta fito ta rubuta cewa ana cewa ta ci amanar aure, ana cewa ba ta son haihuwa, ana cewa ta zubar da ciki. Ta kai wasu masu tashoshin YouTube kotu a Haidarabad. Bayan shekara guda ta sanar tana fama da wata cuta mai kama tsoka. Su kuma 'yan guruf ɗina, wallahi wasu zaginta suka dinga yi, suna cewa ta yi butulci ga miji mai kirki kamar wannan. Wane mijin suka sani? Wanda na ƙaga. Kirkin da suke faɗa ni na rubuta shi da yatsuna a kicin ina jiran shinkafa ta tsotse. Ban san mutumin ba, ban san matar ba, ban san me ya raba su ba, amma na sa mata ɗari da wani abu sun ɗauki ɓangare.
Shawarata ki canza sunaye. Ki bar Haidarabad, ki bar harkar fim, ki ƙirƙiri jarumarki. Za ki ga labarin ya fi sakewa ma, don yanzu kina tsoron sa ta yi kuskure saboda kar masoyanta su far miki.

Zee_Gwammaja:
In aka canza suna wallahi rabin daɗin ya tafi. Ni in ina karantawa fuskarsu nake gani.

Bash_Maradi:
To ni ina da tambaya. Ya za a ce da fim ɗin rayuwar Savitri da aka yi a 2018, Mahanati? Ai shi ma soyayyar jarumar Telugu ce aka zauna aka tsara, aka sa mata maganganun da ba wanda ya ji ta faɗa. Keerthy Suresh da ta fito a matsayin Savitri har lambar yabo ta ƙasa ta ci da shi. Su in sun yi fasaha ce, mu in mun yi laifi?

Abban_Sadik:
Tambaya mai kyau. Savitri ta rasu tun 1981, bayan ta yi fiye da shekara ɗaya ba ta cikin hayyacinta. Aurenta da jarumi Gemini Ganesan kuwa ba zato ba ne, abu ne da ya faru, ta aure shi yana da mata, shi ne ma mahaifin Rekha ta wajen wata matar. Masu fim ɗin sun zauna da 'yar Savitri kafin su yi. Duk da haka, da ya fito, ɗaya daga cikin 'ya'yan uwargidan Gemini ta fito ta ce an zalunci mahaifinta, an nuna shi ba yadda yake ba. Ka ga ko da bincike, ko da izinin wani ɓangare, sai da aka taɓa wani.

Bash_Maradi:
Ke nan ba a taɓa tsira. To sai a daina rubuta tarihin kowa?

Fadeela_Marubuciya:
Tarihi daban, Bash. Mai tarihi in ya yi kuskure za a ce kawo hujja. Mu kuwa mun ce ƙage ne don kar a tambaye mu hujja, sannan mun riƙe sunan gaskiya don a karanta.

Ummu_Nawwara:
Kuma su kansu sun fara kai ƙara a kan sunansu. Babbar kotun Delhi ta ba Amitabh Bachchan kariya a 2022, Anil Kapoor a 2023, cewa ba a amfani da suna ko murya ko hotonsu a nemi kuɗi ba da izini ba. Na san ba wanda zai biyo Maman Iklas har gida. Amma masu sayar da irin wannan labarin a ce a biya kafin a shiga guruf, su sani da sunan wani suke ciniki.

Hajiya_Turai:
Ku bar ma Indiya. A ce yau wata ta rubuta feji 23 a kan wata jarumar Kannywood da wani jarumi mai mata, da sunayensu, ta ce ƙagagge ne. Kafin magariba an kira ta. Don mun san iyayensu, mun san za su ji. Na nesa ma suna da iyaye.

Dan_Zinder:
Hajiya na karɓi wannan. Amma har yanzu ina ganin labari mai tsabta, wanda bai ɓata kowa ba, ya nuna mutum biyu sun so juna sun yi aure, bai kai a ɗaga hankali a kansa ba. A cire uwar, a bar sauran.

Aunty_Rabi_Yaounde:
Ni wani gefen nake kallo. Na karanta irin waɗannan labaran da yawa, kuma abin da ke damuna sunan ne kawai na Indiya, komai na Kano ne. Za ka ga an kai lefe, an yi kamu, jaruma tana gaishe da suruka da "ina kwana Mama". Alhali bikin Telugu yana da abubuwansa masu kyau da marubuci zai more. Ana sa labule tsakanin ango da amarya, a daidai lokacin da aka tsayar sai kowannensu ya ɗora wa ɗayan wani curi a ka, na mazarƙwaila da aka kwaɓa da wani ɗan ƙwayar ƙamshi, sannan a janye labulen su ga juna. Daga baya su dinga zuba wa juna shinkafa a ka, dangi suna shewa. Sannan a wajensu ɗan kawu ko ɗan gwaggo, wanda suke kira bava, shi ne mijin da ake fara yi wa yarinya sha'awa, kuma akwai wasa da tsokana tsakaninsu tun suna yara.

Sadiya_Kumasi:
Kai, ai wannan taubashi ne!

Aunty_Rabi_Yaounde:
Shi ne fa. Shi ya sa finafinansu na ƙauye suke shiga ranmu, auren zumunci ne irin namu. Maman Iklas, 'yar dangin nan da kika kawo a labarinki, in kika mayar da ita taubashiyarsa ta gaske, wadda ta taso tana jin ana cewa shi ne mijinta, kin samu labari mai ciwo ba sai kin ari sunan kowa ba. Ita ma tana da zuciya, ba muguwa ba ce.

Maman_Iklas:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Daren jiya na buɗe feji na ɗaya na gwada cire sunayen. Na sa wa jarumar wani suna, sai na ga ban san komai game da ita ba, ban san garinsu ba, ban san me take tsoro ba, duk na dogara ne da cewa masu karatu sun riga sun san fuskarta. Shi kuwa namijin da na cire sunan sai na ga ƙanena ne zaune. Ban yanke shawara ba tukuna. 'Yan guruf suna ta tambayar feji na 24, wata ma ta kira ni da safe.

Zee_Gwammaja:
Ni ce na kira, Anti. Don Allah ko za ki canza, ki fara ƙarasa mana wannan, saura kaɗan su haɗu a filin jirgi.

Kb_Film_Sabon_Gari:
Anti Rabi, wane fim ne aka nuna wannan na labulen sosai? Akwai masu tambayata finafinan biki, in samu in ajiye musu.

Fadeela_Marubuciya:
Maman Iklas, turo min fejin da kika gyara ta akwatin saƙo in duba miki. Ki fara da garinsu, ki zaɓa ko 'yar Guntur ce ko 'yar Warangal, don ko maganarsu ba iri ɗaya ba ce.